Hannun Gam na Hagu

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da wurin aikin Baba, bangon ma na falanki, don haka na san kukan injinsa na yankan katako kamar yadda na san tarinsa. In yana cin katako yakan yi gurnani, ya shaƙe, ya sake ɗauka. In kuwa aka kunna shi ba a ba shi komai ba, sai ya yi ta ihu da siririyar murya ba tsayawa. A watan da abin ya faru, injin ya fara wannan ihun da rana tsaka, kuma duk ranar da ya yi sai in ga wani yaro ya fito ta ƙofar baya rungume da hannunsa na hagu, wani babba na biye da shi.

Baba kafinta ne, amma a unguwarmu ba wanda ke kallonsa a matsayin kafinta. Yana cikin tawagar ƙasarmu ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai da ta fara ɗauko kofin duniya, hotonsu na rataye a falonmu, lambar zinarensa na lilo a ƙasan hoton. A takarda shekararsa sha shida a lokacin. Ni kuma a lokacin har na fara gudu da ƙafata. Marigayiya Mama takan yi dariya ta ce yaron nan mai sha shida sau biyu yake aske gemu a rana. Ni ban taɓa ganin abin dariya ba, domin duk ranar da 'yan jarida suka zo gidanmu sai a ce in kira shi Yaya, in na manta na ce Baba a gwaɓe min baki.

Ƙasarmu ta ƙara ɗauko kofin sau ɗaya da irin waɗannan yara masu 'ya'ya, sannan asiri ya tonu, aka dakatar da mu. Da aka dawo da mu sai aka dawo da sharaɗi: duk yaron da zai shiga tawaga sai an saka tsintsiyar hannunsa na hagu a na'ura an ɗauki hoton ƙashin. In akwai ɗan tsagi a bakin ƙashin, alamar bai gama girma ba, ya wuce. In tsagin ya rufe, ya kwashi jakarsa. Tun daga nan ba mu sake tsallake zagayen farko ba. Mutanenmu kuwa son tawagar nan suke na hauka. Karon baya da aka koro mu, 'yan kallo suka farfasa kujerun gidan kallo, suka jefa talabijin a kwata, suka tare mai tsaron gidan tawagar a tasha ranar da ya dawo, suka zubar masa da haƙora uku. Yaro ne na gaske, shi ya sa ma bai iya rama ko ɗaya ba.

Ƙanena shi ma mai tsaron gida ne. Gam ake ce masa, don in ƙwallo ta taɓa tafinsa ta maƙale ke nan. Ni na goya shi bayan rasuwar Mama, ni na ɗinka masa safar hannunsa ta farko da ragowar yadin kujera da soso. Shekararsa sha shida cif, ina tsaye a bakin ƙofa aka haife shi. Amma ya ɗauko jikin Baba, ga tsawo ga faɗin kafaɗa, ga gashin baki ya fara leƙowa. Da aka kira shi sansanin tawagar ƙasa, murnar Baba ta kwana ɗaya ce. Washegari ya kama hannun Gam yana jujjuya shi yana latsawa kamar mai zaɓen katako, ya ce na'urar nan ba ta san ranar haihuwa ba, ƙashi ta sani, a zuri'armu kuma ƙashi da wuri yake nuna.

Nan Koci ya shigo. Shi ke horar da yaran unguwa, mutum ne mai tumbi da usur a wuya wanda ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Bara wani ɗan wasansa da kowa ya san ya haura ashirin ya faɗo daga babur ya karye a tsintsiyar hannu, ya warke, aka kai shi na'ura, ya wuce. Sai Koci ya gano abin da likitocin duniya ba su gano ba, wai na'urar tsagi take nema, to karaya ma ai tsagi ce. In aka karya ƙashin daidai wurin, aka bari ya fara haɗewa, hoton zai nuna yaro bai gama girma ba. Abin da ya rage kawai a samu mai saiti a hannu, wanda in ya ɗaga guduma ba ya kuskure. Duk garin kuwa an san Baba ba ya lanƙwasa ƙusa.

Ban san wannan ba sai ranar da na ajiye ɗinki na leƙa ta tsakanin falanki. Yaron da ake kira Biri na gani, abokin Gam, shi ma mai tsaron gida, shi ma an kira shi sansani. Koci ya rungume shi ta baya, an cusa masa tsumma a baki, an shimfiɗa hannunsa a kan teburin aiki an ɗaure yatsun da igiyar roba. Baba ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi a kan fatar yaron, irin layin da yake ja wa ƙafar tebur. Ya ninke tawul ya ɗora, ya kunna inji, ya ɗauki gudumar katako. Bugu ɗaya ya yi. Ban ji ƙarar ba saboda inji, amma na ga ƙafafun Biri sun ɗaga daga ƙasa, na ga fitsari na bin wandonsa yana ɗiga a kan garin katako. Mahaifin Biri na tsaye a gefe riƙe da takalman ɗansa. Da aka kashe inji ya miƙa wa Baba hannu biyu yana godiya.

Amai na yi a cikin kwandon tarkacen yadi. Da yamma na tare Baba a falo, na ce masa na gani. Bai musa ba. Ya ce taimako yake yi, iyayen da kansu ke kawo su, kuma ba zai mutu ba sai ya ga kofin nan ya dawo. Na ce masa ko ma a ce haukan Koci gaskiya ne, ɗan wasan gaba da ƙafa yake cin abinci, Gam kuwa da hannu, wa ya taɓa karya ƙafar doki don ya shiga sukuwa. Ya ce Biri ma ai gola ne, ga shi an yi masa, in Gam ya tsaya tsoro Biri zai ɗauke wurin. Sai zuciya ta ɗebe ni.

"Baba, ka rage wa kanka shekaru ka mai da ni ƙanwarka, na haƙura. In ka taɓa hannun yaron nan, wallahi sai dai a yi gawa biyu a gidan nan."

Kofin shayin da ke hannunsa ya wurgo min. Ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango, gilashin hoton tawagarsu ya tsage daga sama har ƙasa. Ya tashi ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya manna ni da ƙofa, ya ce in na ƙara sa baki a abin da ban sani ba zai nuna min shi ya haife ni. Na ce masa to yau ka tuna. Ya sake ni ya fita, wuyana ya kwana biyu ba ya juyawa.

Abin da ya fi shaƙar ciwo shi ne Gam. Na same shi a bayan gida yana wanke safar hannunsa, na zauna na yi masa magana da duk taushin da nake da shi, wanda dama ba shi da yawa. Na tuna masa ni shaida ce a kan shekarunsa, ba shi da abin ɓoyewa. Ko kallona bai yi ba, ya ce na'ura ba za ta kira ni shaida ba. Ya ce yana jin tsoro, har ba ya iya barci, amma ya fi tsoron ya dawo da jaka a kai unguwa na kallonsa.

"Yaya, hannuna ne," ya ce. "Ki ƙyale ni."

Ban ƙyale shi ba. Na daina zuwa kasuwa sayen zare, na daina kai ɗinki gidajen mutane, na juya keken ɗinkina ta yadda kunnena na dama ke manne da bango. Injin ya yi ihunsa a kan wasu yaran, kowane karo sai in fita da gudu in tabbatar Gam na fili ko yana ɗaki. Na je ofishin 'yan sanda, wanda na tarar a bakin kanta ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko da gaske ni 'yar gwarzon nan ce, ya ce in gaishe masa da shi.

Da matar Koci suka kama ni. Ta kira ni a waya da safe tana wani zaƙin baki, wai 'yarta za ta yi taro, tana son in zo gida in auna mata uku, ɗinki mai yawa. Na leƙa ɗaki na ga Gam na barci, Baba kuma ya ce zai je sayo katako. Na zuba tef ɗin awo da alli da babban almakashina a jaka na tafi. Na isa na tarar ba mata uku, ba ko ɗaya. Ta ce suna hanya, ta kawo min ruwa, ta hau ba ni labarin ciwon bayanta tana satar kallon waya. Matar da ko maɓalli ba ta taɓa kawo min ba. Jikina ya ba ni. Na miƙe, ta riƙe min mayafi, na fizge na bar mata shi a hannu.

Tun daga bakin layinmu na jiyo injin, da siririyar muryar nan. Ƙofar gaba a rufe, ta baya an sa mata sakata. Na shiga shagona, na ɗauki kujerar ƙarfen da nake zama a kai na maka wa bangon falankin. Falanki biyu suka ɓalle, na kutsa ta tsakani, ƙusa ta yaga min kafaɗa ban ma ji ba.

Gam na kan teburin, tsumma a baki, idonsa a rufe gam kamar sunansa. An riga an ja layin fensir, an ɗora tawul. Koci ya sake shi ya yo kaina, ya sakar min naushi a fuska, na ji hancina ya fashe, jini ya cika min baki. Ya damƙi gashina ya ja ni zai fitar da ni ta inda na shigo. Hannuna na cikin jaka dama. Na zaro almakashin na luma masa a cinya da duk ƙarfina, na murɗa. Ihun da ya yi ya fi na injin. Ya faɗi a kan tarin katako yana shure-shure, usur ɗinsa na tsalle a kan tumbinsa.

Da na juyo na ɗauka Baba zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya dube ni, ya dubi tawul, na ga ya yanke shawarar ya gama kafin in iso. Gudumar ta riga ta hau sama. Tsakanina da teburin taku biyu ne, ba lokacin riƙe masa hannu, ba lokacin ture Gam da aka ɗaure. Na yi tsalle na kifa hannuna na dama a kan tawul ɗin.

Wannan karon na ji ƙarar, daga cikin jikina na ji ta, kamar an taka busasshen kara. Zafin bai zo nan take ba. Na ga bayan hannuna ya lotsa, yatsu biyu sun kalli wani wajen daban, sannan ya zo gaba ɗaya, na durƙusa ina cizon gefen teburin. Baba ya saki gudumar, ya kai hannu ya kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai nishin Koci. Gam ya buɗe ido, ya tofar da tsumman, ya dubi hannunsa lafiya lau a ƙarƙashin nawa. Ina jiran ya ce sannu.

"Me ya kawo ki?" ya ce, yana kuka. "Wa ya sa ki?"

A asibiti aka ce ƙasusuwan bayan hannun sun ragargaje, aka sa min ƙarfe, aka ce in gode yatsun za su zauna ko da ba za su miƙe ba. Baba ne ya ɗauke ni ya kai ni ya dawo da ni, kuma daga ranar bai sake ɗaga guduma a kan mutum ba. Koci ya yi ɗingishinsa ya mai da sana'ar wani wurin, an ce wani mai gyaran mota ya samu. Bai kai ni ƙara ba, don ya san abin da zan faɗa.

Gam ya tafi sansani da hannunsa biyu lafiyayyu. Bai yi mako ba ya dawo da jaka a kai. Na'urar ta ce tsagin ƙashinsa ya rufe. Yaron da na ga haihuwarsa da idona, na'ura ta ce ya tsufa. Cikin waɗanda aka karya, wasu sun wuce wasu an koro su, sai unguwa ta ce waɗanda suka wuce guduma ce ta yi aiki, waɗanda aka koro kuma su suka motsa hannu. Biri ya wuce, aka ba shi riga mai lamba ɗaya.

Daga nan na zama abin nunawa. An jefi tagar shagona da dutse har sau biyu, an rubuta min zagi da gawayi a ƙofa, wata mata ta tofa min miyau a bakin famfo ta ce na cuci ƙanena na cuci ƙasa. Duk wannan bai dame ni ba, bakina ya ishe su. Abin da ya ci min rai shi ne Gam ya daina yi min magana. Muna gida ɗaya, in na shigo ya fita, abincin da na dafa sai Baba ya miƙa masa yake ci. Na koma ɗinki da ƙyar, ina tura yadi da gefen hannu, amma zura zare a allura ya gagare ni. Sai in yi ta fama ina lasar zaren ina kuskurewa har hawaye ya zo min, don takaici, ba don zafi ba.

Da gasar ta zo, a falo muka kalla, don ba wanda zai iya shiga gidan kallo a cikinmu. An ci mu wasan farko, muka yi kunnen doki a na biyu, na uku in ba mu ci ba mun dawo gida. Da la'asar aka buga. Baba na kan kujerarsa ƙarƙashin tsagaggen hoton, Gam na zaune a ƙasa ya jingina da bango, ni ina gefe da rigar wata a cinya ina kokawa da allura.

Abokan karawar ba su daɗe ba suka gano Biri. Duk ƙwallon da za su buga sai su aika ta hagunsa. Ta farko ya kai mata hannu ya janye a hanya, kamar wanda ya tuna wuta ce. Ta biyu bayan hutu, daga nesa aka buga ta, ba ma wani ƙarfi can ba. Ya yi tsalle daidai, ya same ta da tafinsa sosai, sai hannun ya lanƙwashe baya daga tsintsiya, ƙwallon ta wuce cikin raga. Aka maimaita hoton a hankali, aka sake maimaitawa. Biri na kwance yana birgima rungume da hannun, irin rungumar da na gani ranar da ya fito ta ƙofar baya. Baba ya sunkuyar da kai ya kama goshinsa. Daga bakin titi muka fara jin ana fasa kujeru, wani na kiran sunan mahaifin Biri, ana cewa a je gidansa.

"Da ni ne, da na kama wannan," in ji Gam.

Wata nawa ke nan ban ji muryarsa kusa da ni ba. Da talabijin yake magana, amma na san da wa yake.

"Da wane hannun?" na ce.

Ya miƙe a fusace ya yo kaina, ya ɗaga hannun nan na hagu sama, tafin a buɗe, faɗinsa ya isa ya rufe min fuska duka. Ban kauce ba. Na ɗago nawa na dama na riƙe masa a gaban ido, da lotsawarsa da karkatattun yatsunsa da tabon ɗinki. Ya tsaya a haka yana huci. A talabijin ana fitar da Biri a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, a waje ihu na ƙara nisa zuwa layin su Biri.

Baba ya tashi ya zura takalmi. Ya ce bari ya je ya tsaya a ƙofar mutanen nan, in jifa za a yi a fara da shi. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Gam ya sauke hannun a hankali. Ya dubi cinyata, ya ɗauki allurar da zaren da na jiƙe da miyau tun farkon wasa. Ya riƙe allurar da hagu, hannun ko rawa bai yi ba, ya zura zaren sau ɗaya ya shige. Ya ƙulla bakin, ya soke ta a jikin rigar inda zan iya zarowa, sannan ya bi bayan Baba da gudu.